Ƙafafun Baba Sama

Aikinsa tuƙin lifta ne a wani dogon gini mai hawa tara, wanda kamfanoni da ofisoshi suka cika da haya. Tuƙin kuwa bai wuce ya zauna a kan 'yar kujera mai ƙafa uku a lungun dama, kusa da allon maɓallai, duk wanda ya shigo ya tambaye shi, sama ko ƙasa. Ko a hawa na tara, inda babu sauran sama sai rufin kwano da tankin ruwa, sai ya yi tambayar. Haka ta bi shi har ta cinye sunansa. Tun ana ce masa Sama-ko-Ƙasa a bayan idonsa, har furfura ta fito aka rage masa ya koma Baba Sama, yana kuma amsawa.

A yi masa adalci, ba da lalaci ya fara ba. Lokacin da kawunsa mai gadin ginin ya samar masa aikin, siriri ne kamar sillen kara, lifta kuma irin ta da ce, mai ƙofar ƙarfe da ake ja da hannu da wani mariƙi da ake murzawa. Tsayar da ita daidai da daɓe sai gwani. Wanda bai iya ba sai ya bar wa mutane taki guda su haura, ko su dira. Shi kuwa yakan ajiye ta cif, ko kofin shayi ka riƙe ba zai yi tangaɗi ba. Shekara goma sha ɗaya yana wannan, sai aka cire tsohuwar aka sa sabuwa mai rufe ƙofarta da kanta, har da muryar wata mata da ke faɗin hawan da aka iso. Ranar da masu haɗawa suka kwashe kayansu, ya ɗauko kujerarsa ya mayar da ita lungun dama ya zauna. Ya jira a ce masa ya tashi. Ba wanda ya ce. Ya sake kwashe shekara goma sha biyar yana danna wa mutane maɓallin da ke gaban hancinsu, yana jin haushin matar nan da ke riga shi magana.

Mutumin da ke zaune kullum, takalma yake fara gani. Da takalmi yake auna mutane, kuma awon nasa bai cika kuskure ba. In mai sheƙi ya doso, Baba Sama zai tare ƙofa da hannu ya jira shi, ko da mutum takwas na tsaye a ciki suna duba agogo. In silifa ce, ƙofar ta riga ta rufe, ba laifinsa ba ne, inji ne. Shi ne ma ya kai wa manajan ginin na wancan zamani shawarar a hana masinjoji da masu shara da masu ɗaukar kaya shiga lifta daga takwas na safe zuwa huɗu na yamma, wai suna takura manya. Aka buga dokar a takarda, aka sa ta a gilashi, aka kafa a gefen ƙofa. Duk safiya yakan goge gilashin da hannun rigarsa.

Wadda dokar ta fi ci ita ce Inna mai shara, wata tsohuwa da ta girme shi da shekara biyar ko shida. Kullum tana hawa bene da bokiti da tsumman goge daɓe tun daga ƙasa har na tara. Sau ɗaya ta roƙe shi, ranar da zazzaɓi ya kama ta. Ya nuna mata gilashin da leɓe, ya ce shi ma ɗan bin doka ne. Ba ta sake roƙonsa ba.

A gida ma haka yake. Motar haya na tsayawa daidai ƙofar gidansu, amma wani lokaci takan wuce ta tsaya a gaba kaɗan, wurin da bai fi jifa ba. Gara ya jira wata minti arba'in da ya taka zuwa can. In ya dawo, akwai kujerarsa a falo wadda ta lotsa daidai ƙirarsa, daga nan yake mulki. Miƙo min ruwa, miƙo min rediyo, ɗan matso min da fanka. Matarsa takan ce da ana aiken mutum ya yi wa wani numfashi, da tuni ya aike ta.

An ce zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi. Nasa ta ƙafa ya zo. Takalmi ya fara matse shi da yamma, ya ce masu yin takalman yanzu ba su da tsoron Allah. Ya sayi babba, shi ma ya matse. Safa ta riƙa bar masa zane a ƙwauri kamar an ɗaure da igiya. Idon sawunsa ya ɓace ɗungurungum. Wata ranar hutu 'yarsa ta fari, wadda ke aiki a kemis, ta zo gaishe su, ta durƙusa ta danna ƙafar da babban yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi dawowa. Ba ta nemi shawararsa ba, washegari ta zo da mota ta kai shi asibiti.

Likitar yarinya ce, ba ta fi sa'ar 'yar tasa ba, abin da ya fara rage mata daraja a idonsa ke nan. Ta auna shi, ta tura shi gwaje-gwaje, ta ce zuciya da ƙoda lafiya lau, zama ne ya yi yawa. Ta yi masa bayani cewa jini ba ya wahalar sauka ƙafa, komawa sama ne aiki, kuma tsokar sharaɓa ce ke matsa shi ya hau duk lokacin da mutum ya taka. In tsokar ta yi kwance, jinin sai ya taru a ƙasa yana jira. Wannan bayani ya shige shi sosai, don ya san yadda mutane ke taruwa a ƙasa in lifta ta tsaya. Har ya fara ganin yarinyar da ɗan ilimi. Sai ta ɓata rawarta da tsalle, ta ce ya rage gishiri, ya riƙa tafiya ta minti talatin, kuma tunda a dogon gini yake aiki, ya riƙa hawa bene ko da hawa biyu ne a rana.

"Likita, kin san aikina kuwa?" in ji shi.

Ta ce an rubuta a katinsa.

"To ai kamar ki ce wa mahauci ya koma cin ganye ne."

Ta yi murmushi, ta ce akwai wata 'yar na'ura da ake ɗaurawa a sharaɓa, tana tsikarar tsoka da wutar batir kaɗan kaɗan, tsokar ta riƙa matsewa tana saki kamar mutum na tafiya. Takan taimaka wa masu dogon zama, rabin awa da safe rabin awa da yamma, amma taimako ne kawai, ba ta maye gurbin tafiya. Baba Sama ya ji rabin farko na maganar tas. Rabin ƙarshe ya same shi yana neman takalminsa a ƙarƙashin gado.

'Yar ta kawo na'urar bayan kwana huɗu. Maɗaurai biyu ne baƙaƙe masu mannewa, kowane da faci biyu masu danƙo da ke kama fata, da siririn waya da ke haɗa su da wani ɗan akwati kamar na ashana, mai maɓalli biyu da 'yar fitila ja. Ɗaya na ƙara ƙarfi, ɗaya na ragewa, daga ɗaya zuwa goma sha biyar. Ana cajinsa kamar waya. Da ta ɗaura masa ta kunna, ya ji kamar tururuwa na yawo a cikin naman, sai ga dugadugansa na ɗagawa suna komawa da kansu, shi yana kishingiɗe. Matarsa ta yi dariya har da riƙe ƙofa, ta ce yau shekara talatin ba ta ga ƙafar nan ta yi sauri haka ba. Shi kuwa ƙwalla ce ta kusa zubo masa. Ashe dama akwai masu hankali a duniya da suka zauna suka yi tunanin irinsa.

'Yar ta tsayar masa a huɗu, ta ce kada ya wuce biyar. Ya ce to. Amma mutumin da ya yi shekara ashirin da shida a dogon gini ya san babu wani abin kirki a hawa na huɗu. Masu gyaran fanka da masu buga takardu ne a can. Manya suna sama. Kafin mako ya zagayo ya kai bakwai, rabin awa kuma ta zama wuni. Yakan ɗaura tun da safe a ƙarƙashin wando, ya soke akwatin a bakin safa, ya tafi aiki. Masu shiga lifta suka fara lura da ƙafafunsa na bugun daɓe kamar mai jin kiɗan da ba wanda ke ji. Duk wanda ya tambaya ya jawo wa kansa wa'azi. Yakan ce shi yanzu a zaune yana tafiyar da ta fi ta ɗan aike, kuma nan da shekara goma tafiya da ƙafa za ta zama ta marasa galihu. Har Inna mai shara ya tare a bakin ƙofa wata safiya, ya ce ta nemi irinta, shekarunta sun ja. Ta sauke bokiti, ta dubi ƙafarsa da ke cika takalmi tana tumbatsa, ta dubi tata, ta ce ita tata na'urar mai hawa tara ce, tana kuma hawan ta kyauta, albarkacinsa. Ya ɗauka godiya take yi.

Ranar da abin ya faru, Talata ce da hantsi. Babban daraktan da ke hawa na tara ya shigo da baƙi biyu da sakatariyarsa, ana ta fara'a irin ta masu shirin sa hannu a takarda. Da safen nan Baba Sama ya ga kumburin bai sauka yadda yake so ba, ya kai na'urar sha biyu. Ya gaishe su, ya yi tambayarsa, ya danna tara. Tsakanin hawa na biyar da na shida sharaɓarsa ta dama ta ɗaure tamau kamar dutse, yatsun ƙafar suka miƙe, zafi ya harba masa har ƙugu. Ya yi ƙara, ya zabura zai miƙe, ƙafar ta ƙi ɗaukarsa, ya tafi luu ya dafe allon da tafin hannu. Jan maɓallin tsayawar gaggawa ya danna, wanda bai taɓa taɓawa ba tun da aka sa shi. Lifta ta yi girgiza ta tsaya cak, ƙararrawa ta ɗauka.

Ba ta su yake ba, ta ƙafarsa yake. Ya zube a daɓe ya yaye wando zuwa gwiwa. Abin da mutanen huɗu suka gani shi ne dattijo yana gumi yana salati, wayoyi naɗe a ƙafafunsa, da ɗan akwati mai jar fitila tana ƙyaftawa kamar bam, yana lalubarsa da hannu. Ɗaya daga cikin baƙin ya jefar da jakarsa ya manne da bango ya rufe ido. Ɗayan ya fara roƙonsa da ya yi wa Allah ya tuna suna da iyali. Babban darakta, mutumin da in ya yi gyaran murya hawa tara ke yin tsit, ya kama kafaɗun sakatariyarsa ya juyo da ita gabansa ya laɓe. A ruɗe Baba Sama ya danna maɓallin ƙarawa maimakon na ragewa, ya sake kurma ihu, sannan ya cafki wayoyin ya fizge su gaba ɗaya.

Sakatariyar ce ta fara magana. Ta ce, ba tare da ta waiwaya ba, "Ranka ya daɗe, na'urar ciwon ƙafa ce. Kakata ma tana da ita. Ka sake min kafaɗa."

Minti goma sha biyu suka yi a ciki kafin mai gyara ya sauko da su, muryar matar nan mai faɗin hawa kaɗai ake ji.

Da a ce tsoro kawai ya ba darakta, da wataƙila an yafe. Amma ya ga darakta a bayan mace, wannan kuwa ba ya yafuwa. Kafin azahar an kira manajan ginin sama, wani matashi da bai fi shekara biyu da zuwa ba, aka tambaye shi me dattijon nan yake yi a cikin lifta. Ya buɗe baki zai amsa ya ga bai sani ba. Ya samu mutumin a ciki ne kamar yadda ya samu madubin liftar. Ya sauko ya tono fayil, ya tarar Baba Sama direba ne na wata lifta da aka sayar wa 'yan gwangwan shekara goma sha biyar da suka wuce. Duk tsawon lokacin nan abin da ya riƙe masa aiki shi ne an manta da shi, shi kuma da hannunsa ya kaɗa ƙararrawa aka tuna. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.

Saura wata tara ya yi ritaya, don haka ba a kore shi ba. Aka mayar da shi masinja, yana raba wasiƙu da fayiloli tsakanin ofisoshi. Safiyar farko ya rungumo tulin takardu ya nufi lifta kamar kullum. Mai gadi ya tare shi cikin ladabi, ya nuna masa gilashin nan da ke gefen ƙofa, tas da shi, ko ƙura babu. Baba Sama ya tsaya ya karanta dokar daga farko har ƙarshe kamar bai san wanda ya haife ta ba. Ya je wurin manaja ya ce a ganinsa dokar ta tsufa, zamani ya canza. Manaja ya ce ai doka ce mai kyau, ya ji ma an ce wani ma'aikaci mai hangen nesa ne ya kawo ta.

Bai taɓa sanin benen ginin ba. Ashe matakala ashirin da biyu ce tsakanin kowane hawa, ashe akwai taga a kowace kwana, ashe a nan ƙananan ma'aikata ke cin abincinsu suna zagin na sama. A kwana ta biyu numfashi ya ƙare masa, ya zauna da fayiloli a cinya yana jin zuciyarsa a kunne. Nan Inna mai shara ta same shi, bokiti a hannu, ko haki ba ta yi.

"Sannu, Baba. Sama ko ƙasa?"

Ya kawar da kai. Ta ce ya ɗaga ƙafa za ta goge wurin. Da ta gama ta ce masa ya riƙa kama ƙarfen gefe, ya daina kallon sama don tsawon ne ke karya zuciya, kuma ya fara kai na hawa mafi nisa tun da safe kafin rana ta yi. Ta ƙara da cewa wata ukun farko ne masu wuya, ita ma ta yi kuka a nan ranar wani zazzaɓi, in bai manta ba. Ta ɗauki bokitinta ta wuce.

Ya bi shawarar, bai taɓa cewa tata ba ce. Da yamma in ya dawo gida a jigace, sai ya ɗaura na'urarsa, wadda ya mayar wa wayoyi da kansa ya naɗe da salatif. Fitilar na ƙyaftawa yadda ta saba. Tsikarar ce ya daina ji, ko a goma sha biyar, dugadugan ma sun daina rawa, ya ce jikinsa ne ya saba da ita, alamar magani ya ratsa ke nan. A wata na biyu idon sawunsa ya leƙo. A na huɗu tsofaffin takalmansa suka shige shi, ya ce ashe sun buɗe da ajiya. A na shida yana kai hawa na tara da hutu ɗaya tak, ya miƙa wa sakatariyar darakta wasiƙu, su gaisa kamar waɗanda suka taɓa yin haɗarin mota tare.

Da ya koma asibiti likita ta danna ƙafar ta ga fata ta dawo nan take. Ta ji daɗi, ta tambaye shi ko ya fara tafiya. Ya ce wace tafiya, na'ura ce, kullum yana sa ta a ƙarshen ƙarfinta, goma sha biyar. Hawan bene bai ambata ba, don a wurinsa wannan ba motsa jiki ba ne, zalunci ne, kuma ba a kai wa likita ƙarar manaja. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Likitar ta ɗaga gira da jin goma sha biyar, ta dubi 'yarsa. A gida 'yar ta ɗaura na'urar a hannunta ta ƙure ta, ba ta ji komai ba. Ta warware salatif ta ga wayoyin biyu a tsinke tun daga tushe, tun ranar fizgar nan. Ta nuna wa uwarta a kicin. Uwar ta ce ta naɗe abin yadda ta same shi, ta kuma yi shiru, mutumin da ya samu abin da yake yi wa biyayya ba a raba shi da shi.

Ya yi ritaya da ƙafafu biyu masu kyau da agogon bango da ma'aikata suka ba shi. Labarin warkewarsa ya zaga dangi, har ƙanin matarsa, direban babbar mota wanda shi ma ƙafa ke kumbura masa, ya zo aro. Baba Sama ya ba shi bayan dogon gargaɗi, ya ce kada ya wuce biyar, don abin ba na yara ba ne. Bayan mako biyu mutumin ya dawo da ita a leda, ƙafa na nan kamar turmi, ya ce Yaya, wannan abin fa ko cizon sauro bai ji ba, anya tana aiki kuwa. Matar gidan da ke zuba musu ruwa ta mai da hankalinta kan kofi. Baba Sama ya karɓi ledar, ya ciro akwatin ya kunna, ya nuna masa jar fitilar tana ƙyaftawa.

"Ga ta nan da ranta," in ji shi. "Naka naman ne ya mutu. Zama ya yi maka yawa."